Fita Ba Sallama

Sha'aban bai taɓa cewa yana son kare ba, kuma har gobe in ka tambaye shi zai ce maka shi direba ne. Abin da ke rubuce a iƙamarsa, katin izinin zamansa a ƙasar, ke nan: direban gida. Amma duk wanda ke layinsu a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ta birnin Riyad ya san tuƙin nan bai taka kara ya karya ba: minti goma da safe ya kai Madam ofis, minti goma da yamma ya ɗauko ta. Sauran yinin shi da Biskit ne.

Biskit wani jan kare ne mai dogayen kunnuwa da Madam ta zo da shi daga ƙasarsu ta Turai, da fasfo ɗinsa da katin allurarsa, takardun da suka fi na Sha'aban kauri. Tun ranar farko Sha'aban ya kafa masa doka: ba lasa, ba shiga ɗakinsa da ke gefen gareji, ba kusantar buta. Karen ya bi doka, sai dai shi ma ya kafa tasa. In Sha'aban na wanke mota, yana kwance a inuwar taya. In yana salla, yana bakin ƙofa da haɓarsa a kan dokin ƙofar, bai shiga ba bai kuma tafi ba. In za a kai Madam ofis, yana kujerar baya. Ranar Juma'a in Sha'aban ya tafi masallaci, Madam na gida. Da haka aka shekara biyu ba a taɓa barin bawan Allahn nan shi kaɗai ba, kuma babu wanda ya lura.

An lura ne ranar da suka je filin jirgi tarar wata baƙuwar Madam, aka bar shi a falo. Bayan awa uku suka dawo suka tarar da soson kujera ko'ina har kicin, an ci gindin ƙofa, takalmin Madam guda ya zama tarihi. Kashegari takarda ta zo daga ofishin masu kula da gidajen, wai maƙwabta sun yi ƙorafi, karen ya yi awa uku yana kuka bai ko tsaya shan ruwa ba. In aka sake, sai dai a fitar da shi daga unguwar.

Abin haushin, a makon ne Sha'aban ya shirya neman hutu. Shekara uku rabonsa da Funtuwa. Yana da 'ya guda, Mubaraka, wadda zuwansa na ƙarshe tana da shekara uku, ta manne masa kamar kaska, ko alwala zai yi tana riƙe da gefen rigarsa. Ranar da zai dawo Riyad aka yi abin da aka saba yi wa yara. Uwarta Bilƙisu ta ja ta gidan kakarta wai a karɓo ƙuli-ƙuli, shi kuma ya ɗauki jaka ya fice, ya bar hularsa a ƙusa. Yarinyar ta yi wata guda tana kuka, da hular take kwana. Duk sanda ya kira sai ta fizge wayar ta ce, “Baba, ka dawo.” Yakan ce wa Bilƙisu ta lallashe ta mana, amma a ransa, Allah ya gani, daɗi yake ji. Yanzu tana da shekara shida, kuma babu abin da yake so a duniya irin ya shiga zauren nan ta sheƙo a guje.

Madam ba muguwa ba ce, gaskiya ɗaya ce. Da ya yi mata maganar, da Turancinsa mai gauraye da Larabcin kasuwa, ta ce wata guda ba matsala, mota kuma ita ma ta iya tuƙawa. Matsalar Biskit ce. Za ta fita ƙarfe takwas, ta leƙo gida sha biyu, ta koma sai huɗu. An taɓa kai shi gidan ajiyar karnuka, ya yi kwana biyar bai ci ba, don haka wannan babu ita. Abin da ya rage shi ne a koya masa zaman keji.

“Ranar da ya yi awa huɗu a keji shiru,” in ji ta, “ranar zan sa maka hannu a bizar fita da dawowa.”

Sha'aban ya ce to. A lissafinsa aikin kwana uku ne, don shi ya taɓa ganin kura a keji a kasuwar garinsu, kuma bai ji an yi mata wani karatu ba.

Sai aka zo awo. Mutumin da ba ya taɓa kare, yaya zai auna shi? Ya ɗauko sandar mofar goge ƙasa ya miƙa daga nesa, Biskit ya ɗauka wasa ne ya cafke, aka yi ta ja-in-ja har sandar ta karye. Daga ƙarshe ya jira karen ya kwanta, ya ƙirga tayil ɗin da ya rufe, biyu da rabi. Da wannan awon ya tafi unguwar Utaiƙa wurin Ɗan'iya mai walda, abokinsa tun zamanin da suke aikin gini suna kwana ɗaki ɗaya su takwas. Ɗan'iya ya tambaya wane irin tayil, babba ko ƙarami. Sha'aban ya ce matsakaici. Suka yi shawara suka ga gara a ƙara, kada Baturiya ta ce Bahaushe ya yi wa karenta rowar wuri.

Ai kuwa Ɗan'iya ya ƙara. Abin da ya ƙera da rodi sai da ƙarti huɗu suka sauke shi daga a-kori-kura, kuma masu gadin ƙofar unguwar sai da suka tambayi wace irin dabba za a sa. Mutum zai iya buɗe shagon shayi a ciki. Aka tura Biskit aka garƙame da kwaɗo, Sha'aban ya fita ya yi minti ashirin. Ya dawo ya tarar karen ya tsara gidansa tsaf: kusurwa guda ta kwanciya, kusurwa guda ta ba-haya, tsakiya kuma wurin tsayuwa a yi kuka.

Madam ta dubi kejin ta dubi Sha'aban. Ta rubuta masa adireshin wata likitar dabbobi a unguwar Malaz.

Dakta Hajar dattijuwa ce 'yar Sudan, mai gilashi da igiya, wadda ba ta dariya a bakin aiki. Ɗan'iya ya raka su, wai yana so ya ji inda aikinsa ya gaza. Ta ɗauko tef irin na tela ta auna Biskit daga hanci zuwa gindin wutsiya, daga ƙasa zuwa tsakar kai, ta ƙara yatsa huɗu a kowane. Ta ce keji ba kurkuku ba ne, ba kuma fada ba ce, ɗakin kwana ne. Ya iya tsayuwa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya iya juyawa, ya iya miƙe ƙafa in ya kwanta, shi ke nan. Kare ba ya ɓata inda yake kwana, amma in ka ba shi fili zai ware wa kansa ban-ɗaki. Ɗan'iya ya ce in dai wannan ce ƙa'idar, to hawan ƙasa na gado mai hawa biyu da yake kwana a kai bai ci jarrabawa ba, don shekara bakwai ke nan bai zauna a kai da kansa a miƙe ba. Likita ta dube shi ta saman gilashi, ta tambayi Sha'aban kejin waya yake so ko na roba.

Suka ɗauki na waya mai naɗewa, da faranti a ƙasa. Ta jero masa sharuɗɗa yana gyaɗa kai. Kada a tura shi ciki, kada a sa shi don ya yi laifi. A bar ƙofa a buɗe, a riƙa ajiye abincinsa a can ƙurya har ya shiga da ƙafarsa. A rufe gefe uku da zane don ya yi duhu-duhu. Sannan a fara rufe ƙofa, minti ɗaya, minti biyar, minti goma. A kuma sa masa tsumman da ke da ƙanshin wanda ya fi shaƙuwa da shi.

Madam ta kawo gyalenta mai tsada ta shimfiɗa da hannunta. Biskit ya shinshina, ya ɗauko shi da baki ya fito da shi, ya ajiye a tsakar falo cikin ladabi. Ya wuce gareji ya janyo tsohuwar rigar da Sha'aban ke wanke mota da ita, ya shige keji ya kwanta a kai. Madam ta naɗe gyalenta ta hau sama, ranar ba ta sauko cin abincin yamma ba.

Mako biyu ana abu ɗaya. In Sha'aban na falon, Biskit zai yi awa guda a keji ko tari babu. Amma da ya fita, kafin ya kai bakin get kuka ya tashi, irin mai tsawon nan da ke sa maƙwabta leƙowa ta taga. Hankalin Sha'aban ya fara tashi. Bai gaya wa mutanen gida zancen hutun ba, don kada ya sa musu rai a banza. In ya kira, su gaisa da Bilƙisu, ya tambayi Mubaraka, a ce tana Islamiyya, ko tana gidan maƙwabta, ko ta yi barci. Yakan ce a bar ta, karatu ya fi.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Madam ta kafa kyamara a kan teburin falo, ta ba shi tsohuwar wayarta ya kai wa likita abin da aka ɗauka. Dakta Hajar ta kunna. Ga Sha'aban ya rufe keji, ya ɗauki makulli, ya tsaya a gaban karen yana magana. Ya kai bakin ƙofa, ya juyo ya ƙara magana. Ya fita, ya sake leƙo da kai ya ƙara. Ta tsayar da hoton ta tambaye shi me yake faɗa.

Sha'aban ya saurara, kunya ta kama shi. Wallahi bai san yana yi ba. Ya fassara mata a hankali: wai zai ɗan fita, ba zai daɗe ba, a yi haƙuri, Allah ya tsare, sai ya dawo. Na bakin ƙofa kuma, sai ya dawo fa. Ta matsa gaba zuwa dawowarsa. Nan ma ga shi ya yi sallama ya shigo, ya nufi keji kai tsaye: sannu da gida, ya zaman kaɗaici, ya haƙuri, an sha ruwa kuwa? Karen kuma yana tsalle kamar zai ɓalle wayar kejin.

Likita ta cire gilashi. Ta ce ba kejin ne matsala ba, ba kuma karen ba. Kullum Sha'aban yana sanar da shi cewa babban abu zai faru, kullum kuma yana dawowa ya tabbatar masa cewa babban abu ya faru. Daga yau ya fita ba magana, ba waige. In ya dawo kada ya gaishe shi, kada ya dube shi, ya ajiye makulli ya sha ruwa, sai bayan minti biyar ya buɗe. Wani lokaci ya ɗauki makulli ya zauna, ya sa takalmi ya ƙi fita, har karen ya daina gane alamar tafiya. Tafiyarsa da dawowarsa su zama ba komai ba.

“To yaya zan san ya koya?” in ji Sha'aban.

“Ranar da ka shigo bai ɗaga kai ba.”

Faɗar ta fi aikatawar sauƙi. Wannan fa mutum ne da uwarsa ta taɓa koro shi daga bakin tasha ya koma gida, don ya fito bai yi wa kakarsa sallama ba. Ranar farko ya cije leɓe ya fita, amma a bakin get sai da abin ya kuɓuce masa, ya ce wa motar sai ya dawo. Yakan ja mota zuwa ƙarshen layi ya tsaya a gindin wata bishiyar dabino, ya buɗe wayar Madam yana kallo. Biskit zai miƙe ya zuba wa ƙofa ido, kunnuwa a tsaye, yana ɗan kukan nan na cikin maƙogwaro. Sha'aban ya ce wa kansa kare ne fa, kare. Duk da haka tausayi yakan kama shi har ya kife wayar a cinya.

Dawowa kuwa ta fi wuya. Ya yi sallamarsa a zuci, ya wuce keji kamar bai san da shi ba, karen na kaɗa wutsiya tana bugun waya, yana bin sa da ido daga ƙofa zuwa firiji. Sha'aban ya tsiyayi ruwa ya sha yana kallon bango. Ya ji kansa mutumin banza, kuma ya ci gaba da yi, don Funtuwa yake so ya je.

Abin mamaki, maganar likita ta kama. Tsayuwar kallon ƙofa ta ragu daga minti ashirin zuwa biyar. Minti goma ya zama rabin awa, rabin awa ya zama awa biyu. Wutsiyar ma ta rage bugu. A mako na uku Sha'aban zai iya ɗaukar makulli ya karkaɗa su a tsakar falo, Biskit ko kunne ba zai motsa ba.

Ranar Talata aka yi gwajin. Ƙarfe takwas ya rufe keji ya fita da Madam. Ya sauke ta, ya wuce Utaiƙa ya zauna a shagon Ɗan'iya, a kan tsohon kejin da yanzu ya zama teburin ajiye rodi, suka sha shayi. Bai buɗe wayar ba, tsoro yake ji. Sha biyu daidai ya murɗa makulli ya shiga. Biskit na kwance a kan rigar wanke mota. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga ko wane ne, ya mayar ya rufe.

Sha'aban ya ajiye makulli, ya sha ruwa, ya jira mintinsa biyar, ya buɗe ƙofa. Karen bai fito nan take ba. Sai da ya yi hamma, ya yi miƙa, sannan ya wuce ta gefen ƙafarsa zuwa kwanon ruwa. Sha'aban ya yi hamdala, murna ta cika shi. Akwai wani ɗan abu da ya tsaya masa a ƙirji, amma bai ba shi muhimmanci ba.

Madam ta kalli hoton awa huɗun a gurguje, ta ga babu komai a ciki sai kare yana barci, ta ce aikinsa ya yi kyau. Kafin la'asar saƙon biza ya shigo wayarsa.

Bayan ya ɗauko Madam da yamma ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, ya gyara wuyan riga, ya kira gida ta bidiyo. Bilƙisu ta ji labari ta dafe ƙirji, ta yi ta godiya ga Allah, ta tambayi ranar sau uku. Sannan ta juya wayar. Ga Mubaraka a kan tabarma a tsakar gida, ta yi tsawo, ta sunkuya a kan littafi tana rubutu da guntun fensir.

“Mubaraka, ga Babanki. Ya ce yana nan tafe Asabar ta sama.”

“Ina wuni, Baba,” in ji yarinyar, cikin ladabi, idonta a kan layin da take rubutawa. “Allah ya kawo ka lafiya.”

Sha'aban ya jira. Ya ce mata zai taho mata da dabino da 'yar tsana mai rufe ido. Ta ce to, ta gode. Ta goge wani harafi da yatsa ta sake rubutawa, ba ta ɗaga kai ba.

Bilƙisu ta juyo da wayar tana murmushi, irin na wanda ya yi aiki ya ga kyansa. Ta ce ai ya gode wa Allah, yarinya ta daɗe da sabawa. Ba ƙaramin fama ta sha ba kafin a kai nan. Da ta ga duk kiran waya sai an kwana ana kuka, sai ta rage ba ta wayar, ta daina cewa Baba ya kusa dawowa, ta daina ambatonsa sai in ya kama. A hankali a hankali abin ya bi jikinta. Yanzu ko sunansa aka kira ba ta damuwa.

Ya tambayi hular. Ta ce tun bara ta wanke ta ta sa a akwati, ba a ƙara nema ba.

Sha'aban ya san wannan aikin, mako uku ya yi yana yin sa, kuma ya san an yi shi da kyau. Abin da ya tsaya masa a ƙirji da rana ya gane shi yanzu, baƙin ciki ne, ba wani abu ba, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi. Ta tagar falo yana hango Biskit ya shige kejinsa da kansa, ƙofa a buɗe, ya kwanta a kan rigar.

“Bilƙisu,” in ji shi, “alfarma ɗaya. In na zo, ranar da zan koma, kada a kai ta karɓo ƙuli-ƙuli. Ina so in yi mata sallama.”

Bilƙisu ta yi 'yar dariya.

“Haba, Baban Mubaraka. Ai yanzu ba sai an kai ta ko'ina ba.”